Dokta Hamadu da Lissafin Ruwan New Bell

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shanya kaya da safen nan aka kira ni, wai Dokta Hamadu ya rasu. Malamina. Kwana huɗu kawai ya yi yana tari.

Ranar da rayuwata ta juya, kama ni ya yi a aji ina karanta littafin soyayya a ƙarƙashin benci. Bai kore ni ba. Ya ce, "Amarya, in aka hana ki karanta shi duka, wuri nawa za ki buɗe ki san labarin?"

Na ce uku: inda suka haɗu, inda suka ɓata, sai ƙarshe.

Ya ce, "Voilà, yauwa! Ki zo ofis gobe."

Ashe aikinsa ke nan. Akwai lissafin yadda ruwan sama ke bin kwatocin unguwar New Bell a nan Douala, layi dubbai, sai babbar kwamfutar jami'a ke iya ɗaukarsa. Shi kuwa yakan zaɓi 'yan wurare, ya gina ƙaramin lissafi da zai ba da amsa ɗaya da babban a wuraren, ya kusance shi a sauran. Burinsa a san layin unguwar da zai cika tun ruwa bai shiga ɗaki ba. A kan wannan ya ɗora ni in yi aikin digirina.

Da korona ta rufe mana labo, ɗakin bincikenmu, tsohuwar laftof ɗinsa ya aiko mini a kan mashin har ƙofar gida.

Ganinmu na ƙarshe a mararrabar Ndogbong ne, yana sanye da takunkumi. Na kai masa kuka, nawa lissafin ya ƙi bin babban. Ya duba, ya yi dariya.

"Duk wurarenki a yayyafi kika zaɓe su. Douala ce nan fa, Amarya. Gwada inda sama ta ɓalle."

Ɗazu a gidan rasuwa wani abokin aikinsa ya ja ni gefe. "Madam, babu mai duba miki wannan aikin yanzu. Ki bar shi, ki je ki huta."

In huta? Damina ta kusa. Bara a New Bell a kan gado mahaifiyata ta yi sallah, ruwa na yawo da takalmanta.

Allah ya jiƙan Dokta, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.

Na faɗa wa maigidana shawarar da na yanke. Litinin zan je sashenmu in sa sunana cikin masu kare aikin digirinsu a gaban malamai a bana.