Sunan Da Inna Hajara Ba Ta Faɗa

A Maruda an san mahaifiyarmu, Inna Hajara, da abu biyu: tausar targaɗe da yayen jikoki. Duk jikan da aka cire daga nono, ɗakinta ake kai shi. Ta goya shi zuwa gonar albasa, ta dama masa fura, ta yi ta tsokanarsa har ya manta da kuka.

Akwai kuma abin da ba ta yi. Ba ta taɓa faɗin sunan yayata Ruƙayyatu ba, don ita ce 'yar fari. Da tana gida "waccan" ce. Da ta yi aure ta koma "ta Kalgo".

Ni Hafiza ce, autarta. Na gama jami'a na dawo gida ke nan aka kawo Muzzammil, ɗan Ruƙayyatu, yaye.

"Ga mijin nawa ya iso," in ji Inna. "Miji ba cefane sai ci!"

Bayan wasu watanni Ruƙayyatu ta zo a kan babur tana ɗingishi. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Inna ta duba ta ce jijiya ce ta hau. Ta ɗora ruwan zafi, ta kawo man shanu, ta murza ƙwaurin da ƙarfinta kamar yadda ta yi wa rabin garin nan. Tana yi tana kau da kai.

Kafin la'asar numfashin Ruƙayyatu ya fara sarƙewa. Ta dafe ƙirji, leɓenta ya sauya launi. Muka kira mijinta, muka garzaya da ita asibiti.

A asibiti likita ya tambaya ko tana shan wani magani. Mijinta Zayyanu ya sunkuyar da kai don surukarsa na tsaye.

"Ƙwayar tazarar haihuwa," ya ce a hankali.

Likitan ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ya ce yawancin mata na shan ƙwayar lafiya lau, amma tana ƙara haɗarin, musamman in akwai ciwon a dangi. Irin wannan ƙafa kuma ba a murza ta.

Inna ta dubi tafin hannunta. Akwai sauran man shanu a jiki.

"Ƙanwata Khairiyya ma da kumburin ƙafa ta tafi," ta ce. "Likita, ni na kashe ta Kalgo?"

"Ba ta mutu ba, Inna. Ku yi mata magana, tana iya ji."

Muka shiga. Robar iska a hancinta, idonta rufe. Zayyanu ya kira, shiru. Na kira har muryata ta dishe, shiru. Muzzammil na bayan Inna yana miƙa hannu yana ihu.

Inna ta kwance goyon, ta ɗora yaron kusa da kafaɗar uwarsa. Bakin Inna ya yi ta motsi, babu abin da ya fito. Ta riƙe ƙarfen gadon.

"Ruƙayyatu," ta ce. "Ruƙayyatu, ɗiyata. Ni yaye na karɓa, ban karɓi maraya ba. Tashi."

Idon yayata ya buɗe kaɗan, hawaye ya gangaro.

Likita ya ce har yanzu ba ta fita daga haɗari ba. Inna na zaune bakin gadon da Muzzammil a cinya, kuma ba ta daina kiran sunan ba.