Ranar da Ƙanena Ya Zazzage Burgamen Boka

Na tsufa, abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da ƙanena ya tona asirin wani boka a tsakar gidanmu a Gaya ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin Nasara ke mulki, ba a yi gada ba tukuna, duk mai zuwa Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi, sai ya shiga jirgi. Babanmu yana da nasa jirgin, da shi yake ƙetarar da fatake, da shi muke ci.

Ƙanen nan nawa ya isa shiga lakkwal, wato makarantar boko, amma bai taɓa buɗe baki ya ce "Inna" ba. Ba ya kallon idon mutum. In makaɗi ya wuce ƙofar gida sai ya toshe kunnuwa yana ihu, yana buga kai da bango. In aka kau da ido kaɗan ya nufi kogi. Abin da kawai ke kwantar masa da hankali shi ne jera kaya: ƙwallon dabino, duwatsu, har takalman baƙi, ya shirya su layi guda, kuma kaiton wanda ya taɓa. Jikata ta ce yanzu likitoci sun san sunan wannan lalura. Mu a lokacin iska muke cewa.

Saboda shi Inna ta bar sayar da bandar kifi a kasuwa. Awakinmu suka ƙare a rubutu da turare da ƴan bori. Zannuwan Inna suka tafi a kuɗin kamyo, babbar motar da ta kai shi Dosso, inda lokotoro ya duba shi ya ce ba shi da maganin wannan. Ga lanho kuma, harajin Nasara, ba ya jiran kowa.

Ana haka sai wani boka ya zo daga ƙetare, ya ce maƙiya ne suka dasa wa yaron ƙusoshi a ka, zai cire su. Abin da ya nema kuwa, sai an sayar da jirgi. Baba ya amince, har ya yi magana da mai saye. Gwaggo, yayar Baba, wadda ba ta ɓoye magana, ta ce, "In ka sayar da jirgin, ruwan kogi za mu dafa?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ɗana ne. In ban gwada ba, me zan ce wa Allah?"

Ranar aikin, da hantsi, maƙwabta suka cika gida. Boka ya ajiye burgamensa, jakarsa ta fata, gindin rumbu, ya yi ta surkulle, ya dafa kan yaron, yaro na ta tsala ihu, sai ga ƙusa mai tsatsa naɗe da baƙin zare a hannunsa. Mata suka ɗauki salati. Boka ya juya wurin Baba yana bayanin cewa akwai saura, amma ba za su fito ba sai an cika alkawarin kuɗinsa.

Ni aka ba riƙon yaron, amma kallo ya ɗauke mini hankali, ya zame. Can sai muka ji shiru, irin shirun da ba mu saba ji daga gare shi ba a cikin taro. Da muka waiwaya, ga shi durƙushe, ya zazzage burgame, yana jera ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace da tsatsarta da baƙin zarenta, tun daga rumbu har bakin madafa.

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, waɗannan kuma daga kan wa za a ciro su? Ko duk mutanen Gaya ka yo wa guzuri?"

Gida ya kece da dariya. Boka ya duƙa zai kwashe kayansa, yaro ya ƙwalla ƙarar da ta sa ya ja da baya, don an taɓa masa layi. Haka ya fice ba sallama. Baba ya yi dariya har ya zauna ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka, don ya sa rai ƙwarai.

Kukan nan ne ya taɓa mutane. Wata maƙwabciyarmu Badendiya, mai tuyar ƙosai, ta kama hannun Inna ta ce, "Ƴar'uwa, wahalar ta isa haka. Gobe ki koma kasuwa, ki kawo mini shi da safe." Wata ta ce ranar Talata tata ce. Wani tsoho mai saƙar taru ya ce a riƙa zaunar da shi kusa da shi da la'asar, idonsa na kan hanyar kogi. Da mai sayen jirgi ya iso, Baba ya ba shi fura da haƙuri.

Ƙanena bai warke ba, bai kuma yi magana ba har ya yi furfura a ɗakina. Amma daga ranar ba mu sake kwana da yunwa saboda shi ba. Abin da na koya shi ne, wata lalurar ba a sayen maganinta ko an sayar da gida. Mai ita hannuwa yake buƙata, kuma mutane ba sa miƙo hannu sai sun ga inda kayan ya danne ka.