Bututun da Na Sa wa Hannu

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, wata safiya a ofishinmu na birnin Alexandria a ƙasar Amurka ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina injiniya a wani kamfanin kwangila, aikinmu duba takardun tsofaffin bututan mai da aka daina amfani da su a ƙarƙashin tekun da ke kudancin ƙasar. Ciro bututu daga ruwa yana cin kuɗi sosai, ga haɗari ga masu nutso, shi ya sa galibi ake wanke cikinsa, a toshe bakinsa, a binne shi inda yake.

Ranar na iso ofis daga garin Germantown, ko jaka ban ajiye ba, shugaban sashenmu ya kira ni. Dattijo ne Bazazzagi, abokin mahaifina. Muka gaisa a tsaitsaye, ya juyo mini da kwamfutarsa.

Bidiyo ne da aka ɗauko a ƙasan teku. Bututu ya taso daga laka, tarun masunta a nannaɗe jikinsa. Bakinsa a buɗe yake, baƙin mai na ɓulɓulowa yana hawa sama. Ya ce guguwa ce ta tono shi, tarun wani jirgin kamun jatan lande ya maƙale a kai, igiyar ƙarfe ta tsinke ta tafi da yatsu uku na mai jirgin.

Cikin ɓacin rai na tambaye shi wa ya amince da wannan aikin. Sai ya miƙo mini takarda. Sa hannuna ne, na shekara biyu baya. Masu bututun sun rubuto cewa sun wanke sun toshe, ni kuma na ga takardu tsaf, ban nemi hoto ko ɗaya ba.

Na zauna. Na ce, "Baba, ai iyakar abin da aka ce mu duba ke nan."

Ya ce, "Haka ne, ba wanda zai tuhume ki. Amma shi mutumin can da hannunsa yake ciyar da iyali."

Ba a kore ni ba, kuma daga baya an ciro bututun da tsadar da ta ninka wadda aka guje wa. Mai jirgin ban taɓa ganinsa ba, sai dai ya daɗe yana hana ni sukuni. Tun daga ranar na gane cewa sa hannu shaida ce, kuma ban sake shaidar abin da idona bai gani ba.