Akuyar Inna Rabi ta karya Naira a Madawa

Ina tsaye gaban ɗan canji a kasuwar Madawa, na miƙa mishi nairorin da na samu wajen saida albasa, sai wayar Inna Rabi da ke tsaye kusa da ni ta yi ƙara, ta ɗauka. Ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

"Naira ta faɗi? Innalillahi! Ko motsi ba ta yi?"

Ɗan canjin ya janye hannu. Na kusa da shi ya rufe jaka, wani ya hau babur ya kai labari tasha. Kafin in buɗe baki an rage farashi.

Na ce, "Alhaji, akuyarta ce fa! Daga Najeriya anka sawo ta, shi ya sa muke ce mata Naira."

Ya ce, "Na yarda, ɗana. Amma zance ya riga ya kai garin Buza. Ni kaɗai ba ni iya tada ta."

Haka na canza da asarar kuɗin buhun taki, don motar garinmu Karofane ba ta jira. Akuya ta miƙe da la'asar, Naira kuwa sai da ta kwana biyu kwance.

Ashe darajar kuɗi a kunnen mutane take. Ku wace jita-jita ta taɓa cin aljihunku?