Indararon Motar Kawu Idi

Wata safiyar Laraba ce a farkon daminar 1978. Ina tsugune bisa rufin motar Kawu Idi da gwangwanin gudro, wato kwalta, mai zafi a hannuna, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen duwatsun Buza, ƙanwata Hajo kuma tana ɗakin Inna tana numfashi kamar zuga-zugin maƙeri. Ƙyanda ce ta kama ta, ta sauka mata a ƙirji. Dole a kai ta gidan likita a Madawa a ranar.

Motar nan daga Abijan Kawu ya zo da ita. Tsohuwa ce tukuf, amma tana da abin da ba mu taɓa gani ba: taga a rufi, wadda ake ja baya a ga sararin Allah. Ni da ba ni zama lakwal, makarantar boko, sai mushe malaminmu ya aiko an kamo ni, awakinmu ma na sha barinsu su faɗa gonar mutane don kawai in samu in fid da kai ta tagar nan ina ɗaga hannu kamar kumandan. Da rani abin alfahari ce. Ruwan farko na sauka, sai ga kujerar baya sharkaf.

To a wurinmu kowa ya yarda mai ƙyanda ba a bari ruwa ya taɓa shi. Inna ta rantse ko ɗigo ɗaya ya samu Hajo ciwon zai koma ciki, kuma ba ta shiga mota mai yoyo da ɗiyarta. Baba, wanda duk shekara shi ke yaɓe soronmu, ya ce rufi ai rufi ne. Ya yanka tsohon shambur, robar cikin tayar keke, anka narka gudro a murhun Inna, anka ɗora ni sama don ni ne mara nauyi. Da munka ja tagar sai munka ga ɗan kwari ya zagaye bakinta, da ƴan ramuka a kusurwoyi. Baba ya ce, "Ga ɓarayin nan. Toshe su." Na cusa musu tsumma, na bi da gudro, ina ji da kaina kamar ni na ƙera motar. Munka rufe, munka manna shambur a gefe, munka kama hanya.

Ba mu kai Azarori ba ruwa ya ɓarke. Da farko ko ɗigo babu, har Kawu ya fara yabon aikinmu. Can sai na ji wani abu yana ƙulun-ƙulun bisa kanmu duk sa'ad da mota ta karkata. Na ɗaga ido. Ƙyallen rufin ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci danƙo, daidai saitin Hajo. Inna ta lulluɓe ta da zane, ta miƙo mini ƙwaryar hura, na tara. Ɗigo ya fara sauka, tas, tas, sannan ya zama zare. Ƙwarya tana nauyi, in na janye in zubar ruwa ya samu yarinya, in na tsaya ta cika ta tumbatsa. A gabanmu kuma akwai ƙorama, wadda in ta kawo sai dai a zauna a jira ta. Kawu sai taka mota yake yana salati.

Inna ba mai magana gaban maza ba ce, amma ran nan ta yi. "Malam, wane soro ka taɓa gani ba indararo? Ruwan ga ina kuke so shi tahi?"

Baba ya ce, "Idi, tsaya."

Shi da Kawu sunka fita cikin ruwan, sunka riƙe tabarma bisa rufin, Inna ta matsa lungu ta kife faifai kan Hajo. Anka ɓamɓare shambur, anka ja tagar, ga kwarin nan cike maƙil. Na tone tsummokin da na cusa da hannuna, na zura waya cikin rami, sai ta ci karo da busasshiyar laka. Ashe zanzaro ne ya yi gida cikin magudanar tun da rani, shi ya sa take yoyo, mu kuma munka zo munka taya shi. Waya ta ƙi wucewa. Ina jin rurin ƙorama, ina jin tarin Hajo. Na laluba aljihu na samu bututun birona, wanda na daɗe da shanye tawadarsa, na kafa shi a ramin na yi ta hurawa har idona ya yi ja. Laka da gudro sunka dawo mini baki. Na tofar na sake. Sai Kawu ya ƙwala ihu, "Ga shi nan, yana hita bayan taya!" Na bi sauran ramukan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne kaɗai amfanin da na taɓa ci na kayan lakwal.

Munka tsallake ƙorama ruwa yana lasar ƙofa. A gidan likita Inna ta buɗe zane ta shafa kan Hajo, a bushe yake. Sai ta goge mini baki da gefen zanenta.

Yau Hajo tana da jikoki a Madawa. Ɗanta yakan ɗauke ni a motarsa mai sanyi, rufe ruf, ba ka jin ko ƙamshin ƙasa in an yi ruwa. Baba, Inna da Kawu duk sun kwanta dama, motar kuma kaji sun daɗe da gama ƙwai cikinta. Amma har gobe, da furfurata da komi, in na yi sallama gidan Hajo sai ta ce wa yara, "Ku shimfiɗa wa Indararo tabarma." Ni kuwa da gudu nake amsawa.