Inna Tabawa da Kabejinta

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na gefen Kunci ya san idan sanyi ya shigo, Inna Tabawa ba ta fara gaisuwa da ɗan Adam. Tana idar da sallar asuba sai lambunta na bayan gida, carbi a hannu, tana bin shukokin tana duƙawa: "Kun tashi lafiya? Ya ɗarin?" Kabeji fa take tambaya! Ni jikanta, da take tsokana da sunan maigida, sai hantsi nake samun tawa gaisuwar, ita ma a tsaitsaye.

Kabeji da karas da albasa kawai take shukawa. Wai su ne masu haƙuri, sanyi ma ƙara musu ƙiba yake. Latas kuwa ko kyauta ba ta so. Har mutane da wannan take auna su. Ranar da wani ɗan gayu ya zo zance wurin ƙanwata Saude, yana ta karkaɗe takalmi, Inna ta leƙa zaure ta dawo tana taɓe baki.

"Saude, wannan latas ne. Wuni ɗaya a rana zai yi laushi."

"Haba Inna! To wa kike so in aura?"

"Nemo albasa. Zai sa ki hawaye jefi-jefi, amma ba ya ruɓewa a ɗaki."

Wata shekara da ɗari ya yi tsanani, Kawu Sale, ɗanta da ke kasuwanci a Bacirawa, ya aiko mata da bargo mai kauri saboda ciwon ƙafa. Da ya zo ganin gida sai ya tarar da bargon a lambu, an kafa masa karare, an lulluɓe ƙananan dashe da shi. Ita kuwa tana gefe da tsohon mayafi tana rawar ɗari.

"Inna, don Allah mene ne haka?"

"Kai Sale, ni da sanyi mun san juna tun ba a haife ka ba. Su kuwa shekaranjiya suka zo duniya."

Labarin akuyar Malam Sabo maƙwabcinmu kuwa, wa ya manta? Ta fasa zana ta cinye kabeji mafi girma, wanda Inna ke nuna wa baƙi. Muka zaci ranar sai mai unguwa ya shiga tsakani. Ina! Sai kawai Inna ta kafa turke a tsakiyar lambu ta ɗaure akuya. Malam Sabo ya zo ba da haƙuri, hula a hannu.

"Ai ba komai, Malam," in ji ta. "Abin da ta ci a nan, a nan za ta ajiye shi. Idan taki ya isa zan aiko maka da abarka."

Akuya ba ta koma gida ba sai da Inna ta gamsu da aikinta.

Rowar kayan lambu kam, ba a magana. Ka zare karas ɗaya bai ƙosa ba, ka shiga uku har girbi. Shi ya sa abin da ya faru shekarar da damina ta ɗauke da wuri yake yawan dawo mini. Gero bai yi ido ba, tun kafin tsakiyar ɗari rumbuna sun fara ƙara idan an buga. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, kuma kunya ta hana kowa faɗa. Sai Inna ta tsiri wani abu. Kullum za ta cika kwando ta nufi wani gida tana mita.

"Ku raba ni da wannan tsiyar! Tsutsa ta gama da shi, tare mini wuri yake."

Matar Malam Sabo ta taɓa juya kabejin a gabanta ta ce, "Inna, ni fa ban ga tsutsa ba."

"Idonki ne ba kyau. Dafa kawai."

Da wannan "ruɓaɓɓen" kabeji yaran unguwarmu suka kai rani. Wanda ya yi gangancin yi mata godiya kuwa sai ya sha faɗa. Sai da na girma na gane tana tsare mutuncin mutane ne, kada wani ya ji an ba shi sadaka.

A cikin sanyi ta rasu, karas na ƙasa bai ƙosa ba. Da na je duba ta a kwance, na sunkuya ina jiran wasiyya, sai ta ce, "Maigida, na san kwaɗayinka. Kar ka taɓa karas ɗin nan sai ganyensa ya kwanta." Wallahi ban taɓa ba. Da ya ƙosa muka tone muka raba gida-gida, ban taɓa cin mai zaƙinsa ba, kuma ban taɓa cin wanda ya tsaya mini a maƙogwaro kamarsa ba.

Allah ya jiƙan Inna Tabawa, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa bayinsa, ya saukar da ita a lambun da ba ya buƙatar ban ruwa. Amin.