Mutanen Sama Marasa Gwiwa

Duk faɗin Fagge, kai har Kwaciri, ba a yi wanda ya girgiza hukuma da fatar baki kamar ni ba. A shekarun nan na gab da samun mulkin kai, 'yan siyasa sai sun hau tebur da lasifika kafin a san da su. Ni kuwa ina zaune a kan keken ɗinkina mai unguwa ya aiko a kira ni.

Wani abokina ne ya jawo, Ibo mai gyaran agogo a Kasuwar Sabon Gari. Ya ja ni silima, ya ce yau ba fim ɗin kaboyi za a nuna ba. Muka ga wani faranti da ya kai girman Fagge ya sauko daga sama, wasu halittu masu kai kamar tulu suka fito. Turancin ya fi ƙarfina, fassarar abokina kuma duka-duka biyu ce. Da farko ya ce, "Tela, sun zo." Can da aka jima ya ce, "Tela, sun tafi." Abin da ke tsakani ni na cike da kaina.

Washegari bayan la'asar, a rumfar ɗinkina, na fara ba da labari, na sauke farantin a filin Kwaciri. Na ba mutanen ido uku-uku, na ce ba sa cin tuwo, kananzir suke sha da ludayi. Kafin mako ya zagayo rumfar ba ta ɗaukar jama'a. Wanda ya zo karɓar riga yakan manta da rigar, abin da ya yi mini daɗi, don ban ɗinka ba. Ranar da na jefa direban farantin a rijiya na ce sai gobe, saura kaɗan a dake ni.

Da safiyar goben nan na yi kiciɓis da mai unguwa a hanya. Damina ce, ga sabon wando. Na sauka daga keke, na tuɓe takalma, na durƙusa cikin taɓo yadda aka saba, ya wuce ko kallona bai yi ba. Da la'asar ta yi sai mutanen sama suka wayi gari ba su da gwiwa. A labarin aka kai su gaban mai unguwa, aka ce su durƙusa, suka ce da me? Suka ce a tauraronsu babu mai tuɓe wa wani takalmi, babu mai zama a ƙasa don wani ya zauna a sama. Aka yi tafi. Tafin ya shiga kaina. Kwana huɗu mutanen sama ba su tashi farantin ba, ba su sha kananzir ba, lacca kawai suke yi.

Abokina ya zo ya saurara, ya ja ni gefe.

"Tela, a silima ba su yi wannan surutun ba."

"Ka ji abin da suka ce ne? Kai da ba ka san komai ba sai sun zo, sun tafi."

"Ni faranti na zo ji."

Na ce masa ina amfanin mutum ya taso tun daga sama in ba zai ga abin da idonmu ya saba da shi har ya daina gani ba? Ya ce wannan gaskiya ce, amma ya san waɗanda aka ɗaure a kan maganar da ba ta kai rabin tawa ba, kuma shi ba ya kai wa kowa abinci kurkuku.

Kashegari ɗan aiken mai unguwa ya iso, wani dattijo mai jar hula. Sai a lokacin na gane shi: kullum yana zaune a bakin rumfa, kusa da dutsen guga. Na shiga gida na saka wando biyu saboda bulala, na yafe wa matata, ta ce ita ba ta yi mini komai ba. A hanya na yi wa kaina alkawari, yau ko za a yanka ni ba zan durƙusa ba. Har na tsara jawabin da za a riƙa maimaitawa bayana.

Muna isa ƙofar zaure takalmana suka fita da kansu. Gwiwoyina kuwa ba su yi shawara da ni ba, sai ji na yi sun taɓa ƙasa.

"Ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya dube ni ya daɗe. Ya nuna dattijon, ya ce kullum shi ke kawo masa labarin da yamma, kuma kwana huɗu ke nan yana dawowa da abin da ba shi aka aike shi ba.

"Tela, direban nan yana ina?"

"Wane direba, ranka ya daɗe?"

"Na farantin."

Wallahi na manta da shi sarai.

Ya gyara zama ya ce, "Zancen gwiwa kam ka faɗa, mun ji, ga ka nan ma a durƙushe. Amma bawan Allah kwana huɗu yana cikin rijiya kana ta lacca. Tashi ka je ka fito da shi."